Sharar Kurmin Baba

Babban Yaya mutum ne da ba ya iya ganin abu ya bar shi yadda ya same shi. In ya zo gidanka gaisuwa, kafin a kawo masa ruwa ya riga ya sauya wa kujeru wurin zama, ya kuma gaya maka inda ya kamata ƙofarka ta kalla. Ɗan kwangila ne, zuba siminti ce sana'arsa, kuma a ganinsa duk ƙasar da ba a daɓe ba aiki ne da aka bari ba a gama ba. Ba mugu ba ne, wannan kam dole a faɗa. Da mugu ne ma da abin ya zo da sauƙi, sai a kulle masa ƙofa a huta. Shi da alheri yake zuwar maka, bakinsa har kunne, sai bayan ya tafi ka zauna kana neman inda kayanka suka shiga.

Ƙanwarsa ta fi kowa sanin halinsa. Har yau Auta ake ce mata, duk da ta haura arba'in, tana da shagon ɗinki da 'ya'yan da suka fi ta tsawo. Ranar da za ta tafi da mahaifinsu babban asibitin birni a cire masa yanar ido, sai da ta tsaya a bakin mota ta ce, "Yaya, don girman Allah kada ka gyara komai kafin mu dawo."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ki kula da tsoho."

Ɗakin Baba take nufi. Tsoronta kada su dawo su tarar an shafa masa fenti an zubar da tsofaffin takalmansa. Ko kusa kurmi bai faɗo mata a rai ba, don ba ta taɓa zaton akwai wanda zai iya kai hannu can ba.

Kurmin Baba ba wani babban wuri ba ne. Ɗan tsiri ne na ƙasa a bakin kogi da ya gada, mai sauri zai ratsa shi kafin ya gama gaisawa a waya. Amma shi kaɗai ya rage. Garin nasu garin rana ne, ruwan sama sai an gaji da ɗaga kai kafin ya sauka, duk wani kore da aka sani a bakin kogin nan yake. Lokacin da Auta take yarinya gaɓa biyun duhu ne na itatuwa, in ka shiga da tsakar rana sai tsikar jikinka ta tashi don sanyi. Masu gawayi ne suka fara, suka bi manyan itatuwa. Masu lambu suka biyo da injin ban ruwa, kowa ya share nasa har bakin ruwa kada inuwa ta hana albasa girma. Masu tipa suka kwashe yashi har saiwoyi suka fito fili kamar haƙarƙarin tsohuwar saniya. Daga baya aka datse kogin can sama, ambaliyar da take shayar da gaɓa duk shekara ta daina zuwa. Ba wanda ya tashi da niyyar kashe kurmi. Kowa ɗan nasa ya ɗiba, kuma in ka tambaye shi yana da hujja mai daɗin ji.

Baba ma da shi aka yi ɗiban. Direban babbar mota ne a zamaninsa, itacen bakin kogin nan da gawayinsa a bayan motarsa suka tafi birni. Sai dai yana da wata ɗabi'a da abokan aikinsa suka daɗe suna yi masa tsiya a kanta. Duk inda aka kira shi lodi, yayin da ake loda mota shi sai ya ɗauki tsohon gwangwanin man inji ya kutsa cikin abin da ake sarewa, ya tono ɗan tsiro da ƙasarsa, ya ajiye kusa da giyar motar, yana shayar da shi da ruwan da ya tanadar wa lagireto. In ya dawo ya dasa a tsirinsa.

Wasu ya san sunansu, irin su giyayya da malmo da tafashiya da kanya. Da yawa bai sani ba, bai kuma damu ya sani ba. Da inda ya samo su yake kiransu. Akwai Ta Ƙarƙashin Gada, wata mai hawa itace da fararen furanni da suke ƙamshi in rana ta yi sanyi. Akwai Ta Mashayar Shanu, akwai Ta Inda Taya Ta Fashe. A hankali tsirin ya cika ya cushe, babba a sama, ƙarami a ƙarƙashinsa, mai yaɗo ya sarƙe su, ƙasa kuma ciyayi iri-iri da ganyen da ya shekara yana ruɓewa. Da yanar ta fara rufe masa ido bai daina zuwa ba. Da hannu da hanci yake bin wurin, ya shafa wannan ganye ya murza wancan ya shinshina, yana yi musu faɗa kamar jikoki.

A asibiti aka ce ba za a taɓa idon ba sai jininsa ya sauka, don ya hau ƙwarai. Aka ba su gado. Likitan ido baƙo ne, zuwa yake yi daga nesa lokaci-lokaci, kuma Baba ya daɗe a layin jiransa. Likitan ya ja Auta gefe ya ce mata, "Kada a bar abin da zai tayar masa da hankali ya kai kunnensa. In jinin bai sauka kafin in tafi ba, sai wani zuwan, ni ma ban san ranarsa ba."

Auta ta riƙe maganar nan da hannu biyu. Ta hana masu dubiya kawo labarin rasuwa, takan kashe rediyon maƙwabcin gado in an fara labarai. Jinin ya fara sauka.

Ana cikin haka Anti ta kira. Anti matar Yaya ce, mace mai kirki wadda in ta riƙe magana a ciki sai ta kwana da ciwon ciki. Bayan an gaisa an tambayi mai jiki sai ta rage murya.

"Kada ki ce na gaya miki, so yake ya zama ba-zata. Yayanki fa ya sa leburori a wurin Baba na bakin kogi. Wai in ido ya buɗe, abin da zai fara gani ya zama abu mai kyau. Ki ga bencinan da ya sa aka ƙera."

Auta ta miƙe tsaye. Ta ce, "Leburori su yi me, Anti?"

"Shara mana. Ai wurin ya yi ƙazanta."

Ta kira Yaya, bai ɗauka ba. Ta sake kira, ta sake, shiru. Da sassafe maigidanta ya iso dubiya, ta damƙa masa tsohon da kwalaben magani, ta ce wa Baba wata mai ɗinki ce ta tayar da rigima a shago, ta nufi tasha.

Rana ta take ta sauka a gari. Tun daga kan hanyar da ta gangara kogi ta hango hayaki, sannan ta jiyo kukan injin yanka itace. Ba ta san lokacin da ta tattare zani ta fara gudu ba, mace da girmanta, masu lambu suna ɗagowa suna kallonta.

An gama da fiye da rabi. Abin da ya fara dukanta shi ne haske. Wurin da ba ta taɓa ganin rana ta taɓa ƙasarsa ba yanzu fayau yake, ana hango ruwa daga hanya. An bar manyan itatuwa tsaitsaye, an yanke musu rassan ƙasa, sun yi tsirara kamar an yi musu askin dole. Duk abin da bai kai kaurin cinya ba an sare shi. Ana jan ganye da manjagara ana tarawa, ana cinna wuta, ɗanyen ganye yana hayaƙi mai ɗaci. A saman tarin da ba a kai ga ƙonawa ba ta ga Ta Ƙarƙashin Gada a nannaɗe kamar tsohuwar igiyar guga, furanninta ba su ma gama yaushi ba.

"Ku tsaya," ta ce. Ba wanda ya ji. Ta je ta tsaya a gaban mai injin har sai da ya kashe.

Shugaban leburorin ya taho yana share gumi. "Hajiya, lafiya?"

"Wa ya ce ku taɓa wannan?"

"Mai wurin."

"Mai wurin yana kwance a asibiti da ido a rufe."

Mutumin ya sosa ƙeya. "To, mu dai ɗansa ne ya sa mu. Ya ce mu bar itatuwa mu kwashe dattin. Kin ga kuwa ko itace ɗaya ba mu kayar ba."

Da gaskiyarsa yake magana, har da ɗan alfahari, wannan ne ya ƙara ƙona mata rai. Datti. Abin da tsoho ya ɗebe rabin rayuwarsa yana tarawa gwangwani-gwangwani, abin da ba a sake samun irinsa daga nan har inda kogin ya ƙare, shi ne datti a bakin mutumin da aka ɗauko jiya da adda.

Motar Yaya ta tsaya a sama. Ya sauko yana murmushi, da ya ga fuskarta murmushin ya ragu.

"Wa ya gaya miki? Wannan matar, wallahi bakinta ba ya rufuwa. Wa kika bar wa Baba?"

"Yaya, me ka yi?"

"Gyara nake yi. Ki bari a gama ki gani."

"Na ce maka kada ka gyara komai."

"Ke Auta, ki san da wa kike magana." Ya juya ya nuna wurin da hannu. "Dubi nan. Iska tana shiga, haske yana shiga. Nan za a yi hanya ta siminti har bakin ruwa, da ƙarfen riƙewa. Nan benci. Can za a jera darbejiya, layi ɗaya, tsaf."

"Darbejiya. Wadda take ƙofar gidan kowa a garin nan. Ita za ka ba shi a madadin waɗannan?"

"Waɗannan ɗin me? Ƙaya da sarƙaƙiya da gidan macizai?" Muryarsa ta fara tashi. "Bara da ya faɗi a cikin nan, wa ya same shi? Ke kina shago kina taka keke. Ni na shigo na tarar da shi a kwance, ƙafa a sarƙe cikin igiyar banzar nan, goshi a fashe, tun safe har la'asar yana kira ba mai ji. Ni na goyo shi. Kin san abin da ake cewa a gari? Wai ɗansa yana gina wa mutane benaye, ya bar ubansa yana rarrafe a jeji kamar mahaukaci."

A nan ne abin ya fi ciwo, don ba ƙarya ya yi ba. Baba ya faɗi, kuma Yaya ne ya goyo shi yana hawaye. Auta ta san haka. Amma ta san kuma da ya ga dama da sai ya share 'yar hanya guda ya ɗaura igiyar riƙewa, shi ke nan. Abin da mutanen gari suke cewa shi ne ya hana shi barci, ba goshin Baba kaɗai ba.

"Ka tambaye shi?" ta ce.

"Ana tambayar mutum kafin a yi masa kyauta?"

"In kayansa za a ƙona, ana tambaya."

Yaya ya zaro waya daga aljihu ya miƙa mata. "To ga shi. Kira mijinki ya ba shi. In Baba ya ce a bari, yanzu zan sallame su, ko ganye ba za a ƙara taɓawa ba. Ni na san zai ji daɗi, amma kira."

Ba wayo yake mata ba. Har zuciyarsa ya yarda da abin da yake faɗa. Ta karɓi wayar. Ta san kalma ɗaya daga bakin Baba ta isa, Yaya bai taɓa tsallake maganar mahaifinsu ba. Ta san kuma yadda za a yi: tsohon zai tashi zaune, ya ce a kawo masa takalmansa, jinin da aka sha wahalar saukarwa ya koma inda ya fito, likita ya tattara kayansa ya tafi. Shekara nawa Baba yana lalube, yana zuba shayi a gefen kofi, yana kiran jikoki da sunan juna. Ta dubi abin da ya rage na kurmin, kusurwar bakin ruwa inda ya fi duhu. Ta dubi wayar. Leburori sun jingina da addunansu suna jira.

Ta mayar masa da wayarsa.

"Ba zan kira ba. Amma ka yi mini alkawari ɗaya. Daga tsamiyar can zuwa ruwa, ka bar masa. Kada a sare komai."

"Na ji."

"Yaya, alkawari."

"Na ce na ji. Ba za a sare komai ba. Koma wurin tsoho."

Ta durƙusa ta ciro Ta Ƙarƙashin Gada daga tarin, ta duba ko akwai saiwa. Babu, daga tushe aka datse ta. Ta ajiye ta a hankali, ta hau hanya. A mota ta yi kuka na takaici, irin wanda ba ya rage komai, wata tsohuwa a gefenta tana ta ba ta haƙuri a zaton rasuwa aka yi mata.

Da ta shiga ɗakin marasa lafiya Baba ya ɗaga hanci.

"Auta ce. Kina warin hayaƙi."

"Shara ake ƙonawa a tasha."

"Wannan ba hayaƙin shara ba ne, na ɗanyen ganye ne." Ya girgiza kai. "Mutane ba sa jin magana. Kin leƙa mini wurina?"

"Na leƙa."

"Yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Yanzu tafashiya ta fara 'ya'ya. In an buɗe mini ido can za ki fara kai ni. Akwai waɗanda na dasa bayan ido ya tafi, ban taɓa ganin kalarsu ba, ki ji fa." Ya yi 'yar dariya ya gyara kwanciya.

Auta ta fita baranda ta tsaya har sai da numfashinta ya daidaita. Haushin Yaya take ji, da haushin Anti, da na masu gawayi da masu tipa da duk wanda ya taɓa ɗaga gatari a bakin kogin nan har ya zama ɗan tsirin tsoho ɗaya ne kaɗai abin da ya rage a ƙona. Haushin kanta ya fi duka.

Jinin ya sauka, aka yi aikin a idon dama, aka dace. Da aka cire bandeji Baba ya daɗe yana ƙifta ido, sannan ya tsaya a kan fuskarta.

"Wace ce wannan tsohuwar?"

"Baba."

"A'a, ni yarinya na bari. Wa ya zuba miki furfura haka ban sani ba?"

Duk ɗakin aka yi dariya, har da nas. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi fanka, ya karanta rubutun jikin kwalbar magani da ƙarfi don kowa ya shaida. Auta ta yi murna, murna ta gaske, amma maganar kurmin ba ta bar ranta ba. Ta yi niyyar gaya masa a hanya. Sai ga Yaya ya zo ɗaukarsu da kansa, da sabuwar riga da baƙin tabarau na kare haske da ya sayo wa Baba. Duk tsawon hanya Baba yana manne da gilashin mota yana karanta allunan shaguna, Yaya yana satar kallonta ta madubi yana kashe mata ido. Ba ta samu bakin magana ba.

Yaya bai bi da su gida ba. Kai tsaye ya gangara kogi.

Mutane sun taru, Anti da yara da maƙwabta da wasu daga masu lambu. An kafa rumfa. Hanyar siminti ta miƙe fes har bakin ruwa da ƙarfen riƙewa mai shuɗin fenti. An shafa wa kowane itace farar ƙasa daga tushe zuwa ƙugu, sun jeru kamar 'yan makaranta da farar safa. Ga bencina, ga 'yan darbejiya a layi kowace da sandarta. Ƙasa kuwa an share ta tas, ko tsinke babu.

Idon Auta ya tafi can bayan tsamiya. Yaya ya cika alkawari, irin cikawarsa. Ba a sare komai ba. Komai yana tsaye a inda yake, amma ya koma ruwan toka, ganye ya naɗe ya bushe a jikin reshe.

Ta matsa kusa da shi ta ce ƙasa-ƙasa, "Me ka yi wa can?"

"Ban sare ba. Feshi kawai aka yi na kashe ciyawa, saboda macizai. Mai maganin ya ce manyan ba abin da zai same su."

Ta juya masa baya. Da ta buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba na faɗa wa yaya ba ne a gaban mutane.

Baba ya fito daga mota ya tsaya. Ya cire tabarau. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya juyo ya ce, "Babba, wurin wa ka kawo ni?"

Aka yi dariya ana tafi. Anti ta ce, "Bai gane ba. Na ce muku ba zai gane ba."

"Wurinka ne, Baba," in ji Yaya, muryarsa tana rawa don daɗi. "Kurminka ne. Na ce ba za ka buɗe ido a kan ƙazanta ba."

Baba ya taka simintin a hankali. Bai riƙe ƙarfen ba. Ya ɗan yi tafiya sai ya tsaya ya rufe idanu duka biyu, ya miƙa hannun hagu daidai kafaɗa, inda ya saba samun reshe. Hannun ya tsaya a iska. Ya ƙara taku, ya miƙa na dama ƙasa-ƙasa. Ba komai. Ya shaƙi iska, ba abin da ke cikinta sai warin fenti da toka. Tafin ya mutu da kansa.

Ya buɗe ido ya juyo. Yaya yana tsaye da hannu a haɗe a ƙirji, ƙaton mutum mai tumbi, yana jira kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Ka sha aiki," ya ce. "Allah ya yi maka albarka."

Aka amsa da amin. Yaya ya share ido da bakin riga. Auta ta ji kamar ta kurma ihu. Ko faɗa ɗaya ba za a yi masa ba, ko kallon banza. Zai koma gida ya kwana da daɗi, gobe ya je ya gyara wa wani.

Mutane suka koma rumfa. Baba ya ci gaba shi kaɗai har ƙarshen simintin, ta bi shi. Ya karyo wani busasshen ganye daga bayan tsamiya, ya murza, ya zama gari a hannunsa.

"Ba komai," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Tunda ido ya dawo, sai a sake samowa. In na ɗan warware ki sa mijinki ya kai ni ƙarƙashin gada, daga nan mu bi gaɓa mu gangara. Ba za a rasa ba."

Sai ya ɗaga kai ya dubi gaɓar da yake magana a kai. Da can kurminsa ne yake tare masa gani, daga baya kuma yanar ido ta tare. Yanzu ba abin da ya tare. Idon sabo ne, yana gani har nesa. Ya bi kogin da kallo ta sama har inda gadar take, ya dawo ya bi shi ta ƙasa har inda ya lanƙwasa. Lambunan albasa, ramukan yashi, tarin bulo, injinan ban ruwa suna ta ƙugi a rana. Ko inuwar da akuya za ta fake babu, a wannan gaɓa ko a waccan.

"Tun yaushe?" ya ce.

"An daɗe, Baba. Naka ne kaɗai ya rage."

Ya gyaɗa kai. "Ranar da kika zo da warin hayaƙi."

"Eh."

"A lokacin an gama?"

Ta so ta ce an gama. Ta ce, "Da saura."

"Ba ki gaya mini ba."

"Likita ya ce in jininka ya hau ba za a yi aikin ba. Na so ka gani, Baba."

"To, ga shi na gani," ya ce. Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma da faɗan ne da ta fi samun sauƙi.

Yaya ya taho da sauri da kwalbar ruwa mai sanyi, yana ta fara'a. "Baba, rana ta yi yawa, zo ka gwada bencin. Af, likita ya ce da zarar wannan ya warke a mayar da kai a yi na hagun. Na riga na yi magana, da ya dawo kai ne na farko. In aka buɗe biyun ai sai ka ce sabon wuri ka zo."

Baba ya mayar da baƙin tabarau fuskarsa.

"A'a, Babba. Na hagun a bar mini shi haka."

"Haba Baba, aikin da ba ya ɗaukar lokaci."

"A bar shi. Shi bai san abin da aka yi ba."

Yaya ya dubi Auta yana neman ta taya shi lallashi. Ta kawar da kai. Baba ya miƙo mata hannu yadda ya saba yi kafin a yi aikin, ta kama, suka bi simintin suka hau zuwa mota.